Nana Tana Hannun Habu

Zuwa ga matata Balkisa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina roƙon Allah ya sa kina cikin rahama inda kike. Na san wannan takarda ba za ta zo hannunki ba. Ko da kina da rai ma ba rubuto miki nake ba, waya nake bugawa. Amma na dawo daga gida da wata magana da ta tokare mini ƙirji, kuma a nan babu wanda zan gaya wa ba tare da ya yi mini dariya ko wa'azi ba.

Muna nan inda kika san mu, gabas can bayan Diffa. Babu abin da ya canza. Buhunan yashi ne kewaye da mu, sai rumfar da muke fakewa da rana. Da safe mu yi sallah, mu sha shayi, wasu su fita sintiri, wasu su hau gadi. Shinkafa da wake da rana, taliya da yamma. Ruwa mota ke kawo mana, ranar da ta makara sai taimama. Mafi yawan aikin jira ne, ido a kan hanya, ido a kan ciyayin bakin kogi, har mutum ya fara ganin kowane itace yana motsi. Ranakun da ake harbi ban taɓa ba ki labarinsu ba, yanzu ma ba zan fara ba.

Akwai wani tudu a bayanmu, nan kaɗai waya ke kama reso. Bayan la'asar sai ki ga maza sun jeru a kai, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya. Ni yanzu ban cika hawa ba. Daga ƙasa nake jin su. Wani abokin aikina Musa kullum sai sun yi faɗa da matarsa, wai don me bai kira jiya ba. Ya sauko yana tsaki, yana cewa mata ba su san wahala ba. Ni kuwa har faɗan nasu nake kishi, Balkisa. Wa zai yi fushi da ni don ban kira ba?

Bayan an gama girbi aka ba ni permisiyo, hutun zuwa gida. Na tuɓe kaki na sa riga da hula kamar ɗan kasuwa, don haka aka ce mu riƙa yi a hanya. Motarmu ta kai mu Diffa, daga nan na hau kar, babbar motar fasinja. A kasuwa na sayi busasshen tattasai da bandar kifi kamar yadda na saba, sai da mai kifin ya ɗaure mini na tuna babu wadda zan kai wa. Ban mayar ba. Muka wuce Maine, muka wuce Gure, muka kwana a tashar Damagaram. A nan na saya wa ɗiyarmu Nana takalmi, ina auna shi da tafin hannuna. Da na kai mata ko yatsunta ba su shiga ba. Uban da bai san girman ƙafar ɗiyarsa ba ke nan.

Kin tuna da mun wuce Tasawa kike fara kira, kina tambaya mun kai ina, don ki san lokacin ɗora tukunya? Wannan karon na riƙe wayar a hannu har muka shiga Maraɗi. Na sauka gidan yayata, Yaya Hassana, a unguwar Zariya. Na bi ta ƙofar ɗakinmu na da. Wasu ne a ciki, sun sa koren labule. Ban tsaya ba.

Da safe na hau babur ɗin kabu-kabu zuwa ƙauyen Jiratawa. Kin san tun rasuwarki Nana tana can hannun ƙanena Habu da matarsa Saratu. Lokacin da na zo karɓar gaisuwa tana koyon magana, kwanakin da aka ba ni kuma ba su da yawa. Yanzu ta doshi shekara biyar. Na iske su a garka, Habu yana buɗa wa zogale ruwa, ita tana biye da shi da wata 'yar fartanya da ya sa aka ƙera mata. Goshinki ne da ita. Har yadda kike karkata kai in kina sauraron mutum, ta ɗauko. Na durƙusa na buɗe mata hannu. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta koma bayan Habu ta riƙe wandonsa. Ya ce ta je ta gaida Babanta. Ta dafa ƙafarsa ta ce ai ga Babanta nan. Mutanen garka suka yi dariya, ni ma na yi. Daga ranar Soja take kirana, kamar yadda ta ji yara suna faɗi.

Ki gaya mini, me Habu ya yi mini? Babu. Ni na goye shi yana ƙarami. Ɗiyata ya riƙe kamar shi ya haifa, tuwonsa take ci, tabarmarsa take kwana. Da ya yi mini laifi da na samu abin riƙewa. Amma na zauna ina kallonsa yana tsince mata albasa daga miya, don ya san ba ta ci. Ya san ƙarar injin ban ruwa na ba ta tsoro, kafin ya tayar sai ya ce ta toshe kunne. Ya san inda ta samo tabon da ke gwiwarta. Ni duk sai an ba ni labari, kamar baƙon da ya zo cin kasuwa.

Kuma ba daga Nana abin ya fara ba. Da zazzaɓin nan ya kama ki a damina, Habu ya kai ki gidan likita. Shi ya yi ta kai da kawo, shi ya ji muryarki ta ƙarshe. Shi ya shiga kabari a Tibiri ya karɓe ki. Ni ina tsaye bayan buhun yashi ina gadin hanyar da babu kowa a kanta, ban sani ba sai da kika kwana a ƙasa. Yanzu in ana hira sai ya ce Yaya Balki ta taɓa cewa kaza, Yaya Balki ba ta son kaza. Ba ni ne mijinki ba? Me ya sa duk abin da yake nawa sai ya biyo ta hannunsa?

Sai na yanke shawarar ɗauke ta. Na ce shekarun shiga lekwal sun yi, gara ta koma Zariya wurin Yaya Hassana, can ne makarantu masu kyau. Jiratawa ma akwai lekwal, kowa ya sani, ni ma na sani. Habu ya ce mini ai ɗiyarka ce, yadda ka ce haka za a yi. Saratu ta haɗa mata kaya a ɗankwali, ta ajiye bakin ƙofa, ta shige ɗaki ba ta sake fitowa ba. Nana ta hau kabu-kabu da murna, ta ɗauka yawo za mu.

A Zariya kuka ɗaya ta yi ta daina. Da ta ci gaba da kukan da ya fi mini sauƙi. Sai ta koma bakin zaure ta zauna. Kin san babura a Maraɗi ba sa yankewa, kowanne ya taho sai ta miƙe ta duba, ya wuce ta koma ta zauna. Na sayo mata kilishi, na sayo alawa. Ta karɓa ta riƙe a hannu har ya jiƙe da gumi. Yaya ta ce za ta saba. Ni ma haka na yi ta gaya wa kaina.

Ranar Juma'a na kai ta Tibiri ta gaida Inna, mahaifiyarki. Ta ɗora ta a cinya, ta shafa wuyanta, ta tambayi abin da ya sami yarinya. Na yi mata bayanin lekwal. Kin san Inna, tun da na aure ki ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba, daga bayan ƙofa take amsa gaisuwata. Ran nan ta dube ni. Ta ce a gabanta, a gadon likita, kika kama hannun Nana kika sa a hannun Saratu, kika ce wa Habu ga amana nan. Sannan ta ce mini, mutuwa ta raba yarinyar nan da uwa sau ɗaya, ni kuma zan yi na biyu, in hau mota in koma daji?

Daga nan na wuce maƙabarta. Addu'a na je yi, na kuma yi. Amma sai na tarar ina fushi da ke. Me ya sa su? Ni ba ki bar mini ko kalma ɗaya ba? Na san amsar. Wa za ki ba, ni ina ina? Hannun da ke kusa kika kama, kuma kin zaɓi hannu mai kyau. Sanin haka bai rage mini komai ba.

A ranar na mayar da Nana Jiratawa. Tun babur bai gama tsayawa ba take ƙoƙarin dira. Ta ruga ta shige zanen Saratu. Habu tabarma kawai ya shimfiɗa mini ya sa aka kawo fura.

Sauran kwanakina a Jiratawa na yi su. Sai Habu ya tsiri zuwa Maraɗi kullum, yau iri zai sayo, gobe gyaran inji, ya bar mini ban ruwa da yarinya. Na gane abin da yake yi, shi ma sai ya ba ni haushi. Aron ɗiyata yake ba ni. Wata rana ƙaya ta soke ta, ta waiga babu kowa sai ni, ta miƙo mini ƙafar. Na cire, na ɗauke ta, muka zauna gindin mangwaro, barci ya kwashe ta a kafaɗata. Ina gani ruwa ya cika fangalin albasa ya tsallaka na maƙwabci, ban motsa ba. Hannuna ya mutu, ban motsa ba. Da ta farka abin da ta fara tambaya shi ne ina Baba.

Na baro Jiratawa ana gobe zan tafi, na kwana gidan Yaya don kar ɗin sammako yake. Ina cikin layi a tasha sai ga Habu da ƙullin busasshen zogale. Muka tsaya kamar waɗanda ba su san juna ba. Da aka fara kiran fasinja sai ya ce, jiya da yamma Nana ta je ta ɗaga tabarmar da nake kwana, ta leƙa bayan rumbu, sannan ta zo ta tambaye shi, ina wancan Baban?

Na ce ƙarar mota ta hana ni ji, ya sake faɗi. Na ji sarai, so nake in ƙara ji. Da wannan magana na yi tafiyar nan duka har Diffa. Amma kin gani, Balkisa, ko wannan ma kunnensa ya ji. Ni labari aka ba ni.

Ga shi ana kiran canjin gadi. Allah ya haskaka kabarinki, ya saka wa Habu da alheri, ni kuma ya wanke mini zuciya a kansa, don har yanzu ba ta wanku ba. Sai mun iske ki.

Mijinki,
Issufu