Gwangwanin da ke Ƙarƙashin Kujera

Broken Hill

Zuwa ga 'yata Glenys,

Gaisuwa mai yawa. Ya maigidan da yara? Na rubuto ne don kin san kunnena da waya ba sa shiri.

Na san yayanki Warwick ya riga ni ba ki labari, ya ƙara masa gishiri. Abin da ya faru shi ne, fambel ɗin Tsohuwa, motata, ya tsinke a hanyar Tibooburra. Ban damu ba. Na ɗage kujera in ɗauko gwangwanin biskit ɗin da nake tara kayan gyara, sai na ga wayam. Na yi abin da kowa ya sani: na ɗaga bonet, na shimfiɗa bargo a inuwar motar, ban taka ko'ina ba. Ruwana ya ƙare kafin wata mai tuƙa motar shanu ta tsaya washegari. Ta ce, "Haba tsoho, ka shigo dajin nan ko igiya babu?"

Ba ƙishin ne ya dame ni ba. Tun muna yawo da marigayiya mahaifiyarki, muna girki muna kwana a motar nan, ban taɓa tayar da ita babu gwangwanin ba. Na birkice gida ban gan shi ba, na kuma kasa tuna inda na kai shi. Warwick ya ce haka rikicewar tsufa take farawa. Ya karɓi makullin motar, ban yi gardama ba.

Mahaifinki,
Clarrie

Adelaide

Baba,

Ina gaisuwa. Sannu, Allah ya kiyaye gaba. Ka huta, ka riƙa shan ruwa. Gwangwani kuma kada ka sa shi a ranka. Yara suna gaishe ka.

'Yarka,
Glenys

Broken Hill

Glenys,

Na ga 'yar wasiƙarki, kamar ana biye da ke da bulala. Warwick ya samo mai sayen Tsohuwa, zai zo ranar Asabar. Ya kuma kai ni na duba ɗaki a gidan tsofaffi. Ba laifi, tagarsa na kallon katanga. Jiya na tsaya a kicin na manta abin da ya kawo ni. Da can dariya zan yi, amma jiya sai da na nemi wuri na zauna.

Mahaifinki

Adelaide

Baba,

Ina gaisuwa, amma ban san da wane ido zan kalle ka ba. Kada ka sayar. Lafiyar kanka ƙalau, ni ce na yar da gwangwanin.

Lokacin da aka yi maka aikin ido ka bar motar a gidana, na ce bari in wanke maka ita ka ji daɗi. Na buɗe gwangwanin na ga busasshen sabulu, kwalbar masoro, waya mai tsatsa, da wata doguwar safar mata duk ta yage. Na ce tarkacen Baba ne, na jefa a shara har ina yabon kaina. Bayan wasiƙarka ta farko na lissafa wa makanikinmu abin da ke ciki. Ya ce, "Sabulu na toshe tankin mai, masoro na lagireto in ya tsage. Safa kuwa ita ce fambel ɗin mutumin daji. Wane mara hankali ne ya zubar?"

Na sani tun ranar, na yi shiru don tsoron bakin Warwick. Na bar ka kana zargin ƙwaƙwalwarka, kana duba ɗaki mai kallon katanga. Wannan ya fi zubar da gwangwanin muni, kuma kunya ta ishe ni. Na kira Warwick na faɗa masa, ya wanke ni tas. Ka yafe mini in za ka iya.

'Yarka,
Glenys

Broken Hill

Glenys,

Na karɓo makullina. Na sayi sabulu da masoro, waya kuma na yanko a shingen maƙwabci. Safar ta mahaifiyarki ce. Ita ta tuɓe ta a bakin hanya shekarar da take da cikinki, na ɗaura ta a madadin fambel, ta kai mu gari. Wannan ba a sayar da ita a kanti.

Ranar Asabar zan koma Tibooburra. Kujerar gefe babu kowa. In za ki zo, ki taho da taki safar.

Mahaifinki