Na Takwas a Layi

Mama,

Ina gaishe ki. Ya ƙafar, ya su Nomvuyo? Ni lafiya lau a Faransa, barci ne kawai ya ɗan yi wuya.

A wasan rugby na ranar Asabar, an jefo ƙwallo daga gefen fili, mu biyu za mu ɗaga abokin wasanmu Thibault ya cafke. Ɗayan ya zame ya faɗi, amma Thibault ya tashi sama kamar kullum. Koci ya kalli bidiyon sau uku, ya ce, "Sivuyile, ku bakwai na jera. Wane ne na takwas ɗin nan mai ɗingishi?"

Kin san mai irin wannan tafiyar. Ki je kabarin Yaya Mzwandile, ki gaya masa mun ci. Ki lallashe shi ya koma gida.

Ɗanki,
Sivuyile