Mata Tara da Na Ƙirga a Aliero

Zuwa ga Hajo, uwar gidana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da gaisuwar da ake yi wa waɗanda suka riga mu, da fatan Allah ya yalwata makwancinki, ya sa kina cikin rahama. Mu nan Jega muna nan. Zafi ya yi tsanani bana, ruwa bai sauka ba tukuna, masu albasa sun kwashe sun zuba a rumbu suna jiran kasuwa. Gwiwata ta hagu tana nan yadda kika bar ta.

Na san ba za ki karanta wannan ba. Masu karantawa su ne tsofaffin ɗalibaina da 'yan abokan aikin da suka rage, waɗanda suka saba bin rubutuna a waya. Su karanta. Da ke nake, domin maganar ta ɗiyarki ce ta fari, kuma kin san ni da ita ba mu taɓa zama mun yi hira ba.

Ke ma haka kika yi da ita. Ana yaye ta ƙanwata Tumba ta ɗauke ta zuwa Mungadi ta riƙe, daga nan muka samu abin kiranta, muka riƙa cewa "ta Mungadi". Na shekara talatin da wani abu ina kiran sunayen 'ya'yan mutane daga rajista kowace safiya, nata bai taɓa fita daga bakina ba. In ta zo ta durƙusa ta gaishe ni, sai in amsa ina kallon bango. Na yi karatun da ya isa in raina kunyar ɗan fari, na kuma sha raina ta a ɗakin malamai, amma ban taɓa karya ta ba ko sau ɗaya.

Bayan rasuwarki matan mazaɓarsu a Aliero, inda take aure, suka naɗa ta shugabar mata ta jam'iyya, kujerar da kika riƙe a nan Jega. Sun ce jini ne. Bana kuma sai jam'iyyar ta ce zaɓen fid da gwani na shugaban ƙasa ƙato bayan ƙato za a yi shi: duk mai katin jam'iyya ya fito fili, ya tsaya bayan hoton wanda yake so, a bi layi a ƙirga. Cikin masu neman takarar akwai mace guda.

Kin tuna lokacin da aka fara irin wannan zaɓen muna da ƙuruciya? Kin tsaya a filin makaranta da goyon Sani a bayanki, rana ta take, ƙafarki ta kumbura, na yi miki alama ki koma inuwa kika ƙi. Da muka dawo gida kika jiƙa ƙafar a kwano kina cewa, "Ni wanga zaɓe ya yi mini, Malam. Layi ba ya ƙarya, kowa na ganin kowa." Na yi dariya a ranar. Ina jin ma na yarda.

Duk abin da zan faɗa miki na muhawarar matan, daga bakin Tumba na ji shi. Ita ce wayarmu, ni da ɗiyarki. Takan taso daga Mungadi ta kwana biyu a Aliero, ta biyo ta Jega ta sauke mini labari tare da ƙullin daddawa.

Ta ce wata guda cur matan ba su da zance sai wannan, wajen suna, wajen yankan albasa, bakin famfo. Wata malamar Islamiyya ta ce mace ba ta shugabancin ƙasa, an gama magana. Wata mai tuyar ƙosai ta ce mata, "To Malama, in maigida ya tafi cin rani wata biyar, wa ke riƙe gidan, aljani?" Aka yi shewa. Wata ungozoma ta ce ita mace za ta bi ko ba ta san sunanta ba, don wadda ta taɓa naƙuda ba za ta bar asibiti babu fitila ba. Ita kuwa Tumba da kanta, kin san bakinta, cewa ta yi, "Ni gonata ta bakin daji shekara biyu ban taka ta ba. Wanda zai sa in koma in yi shuka, bayanshi nika tsayawa, ko mace ko namiji ko jaki."

Akasarinsu sun karkata ga babban cikin 'yan takarar, wani tsohon ɗan siyasa. Sun ce ya san ƙasar nan, ya san masu bindiga da masu taki, kuma ko ba komai shi zai ci, to me zai sa mutum ya ɓata da maƙwabta a banza.

Ɗiyarki ba ta yi gaggawa ba. Tumba ta ce ta zauna da rediyo da waya ta saurari kowane ɗan takara, har tana rubutawa a bayan littafin 'yarta. Matar ba ta burge ta da fari ba. Ta ce mai kuɗi ce, a birni ta tashi, ba ta taɓa ɗaukar tulu ba. Kalmarta da Tumba ta kawo mini ita ce, "Zane ɗaya muka ɗaurawa da ita, amma ba rana ɗaya ka dukanmu ba." Sai dai ta lura da abu guda: in an yi wa mazan tambaya sai su amsa wata daban, ita kuwa matar abin da aka tambaye ta shi take amsawa, inda ba ta sani ba ta ce ba ta sani ba. Wannan ya tsaya mata a rai. Ta ce ba don mace ce ba, amma kuma ba za ta yi ƙarya ta ce hakan bai ƙara mata nauyi a sikeli ba.

Ga kuma surukinta, uban mijinta, dillalin albasa, shi ne jigon babban ɗan takarar a mazaɓar. A zaɓen akwati mutum na iya yi wa surukinsa murmushi ya shiga ya dangwala abin da yake so. A layi babu wannan.

Ta aiko Tumba ta tambaye ni shawara. Karo na farko ke nan a rayuwarta da ta nemi ra'ayina a kan wani abu. Na ce a gaya mata ta bi abin da ranta ya natsu da shi. Irin amsar da nake ba ɗalibi in ina son ya tafi in sha shayina.

Ana saura kwana uku aka kawo mini takarda cewa ina cikin masu ƙirga. Sun saba neman tsofaffin malamai, wai muna da mutunci kuma mun iya lissafi. Ba a ba mutum garinsu, don kada a ce ya yi son kai, saboda haka aka tura ni Aliero. Mazaɓarta. Babu wanda ya shirya hakan. Wanda ya raba sunayen bai san ina da ɗiya a can ba, kuma daga ina zai sani, tunda ban taɓa faɗa ba.

Da safe na isa makarantar da za a yi zaɓen. Shugaban jam'iyya na yankin ɗalibina ne, na koya masa jam'i da ɗebewa a aji uku. Ya cire hula ya gaishe ni har ƙasa, ya ja ni ofishin hedimasta, ya kunna mini fanka, ya ajiye takardar sakamako a gabana. An riga an cike ta. Gaban sunan babban an rubuta adadi mai yawa, gaban sauran mazan an yayyafa musu kaɗan-kaɗan don kada abin ya yi muni, gaban sunan matar an zana sifiri. Wurin sa hannuna kaɗai ya rage fari. Ya ce, "Malam, ku dai ku zagaya layin don mutane su gani. Daga sama anka aiko ta haka."

Hajo, ban yi mamaki ba. Da ma a ce na yi. Kin san sau ɗaya na taɓa ƙin sa hannu a irin wannan takarda, da sauran ƙarfina, aka mai da ni makarantar ƙauye inda kika shekara huɗu kina jan ruwa a rijiya mai gaba ashirin, kuma sakamakon ya fita yadda aka so da hannun wani. Tun daga nan hannuna ya koyi aikinsa. Na dubi sifirin nan kamar yadda nake duba kwanan wata.

Tsakanin ofishin da inda mata suka taru a gindin dogon yaro, taku hamsin ne bai fi ba. Ina hango ɗiyarki ta taga, da mayafi ruwan toka. Da na fita na kira ta gefe na ce kada ta wahalar da kanta, da an wuce wurin. Amma ta yaya? Da wane suna zan kira ta? Na zauna ina jin fanka.

Aka jera hotuna a fili. Kowane ɗan takara da wakilinsa riƙe da hotonsa sama. Matar ba ta da wakili a mazaɓar, sai aka jingina hotonta a kujerar aji aka danne da dutse don iska. Aka ce kowa ya bi nasa. Filin ya tuɗaɗa bayan babban, maza layinsu, mata nasu, surukin ɗiyarki a kan gaba da babbar riga.

Ita kuwa ta ɗan tsaya. Daga nan ta ratsa filin ita kaɗai, ta wuce ta gaban surukinta, ta rusuna masa kamar yadda ya kamata, ta je ta tsaya bayan kujerar. Tafiyarki ce sak, har yadda kike ɗan jan ƙafar dama. Sai ungozomar ta fito ta bi bayanta, sai mai ƙosai, sai wasu, ɗaya bayan ɗaya, wata ma ta fara shiga layin babban sannan ta fice. Wani daga layin maza ya ɗaga murya ya ce, "Ku riƙe kujerar da kyau kada shugabar ƙasa ta faɗi!" Aka kwashe da dariya. Ba su juya ba.

Na bi layuka ina nuni da biro ina ƙirgawa da ƙarfi, yadda ake yi. Da na zo kansu na fara da ita. Ɗaya. Ta sunkuyar da kai, ni ma na kau da nawa. Na ƙirga har tara. Na koma ofis na sa hannu. Biron ya ɗan tsaya, na yarfa shi ya kawo.

Ina cikin motar komawa Jega aka karanta sakamakon a lasifika.

Sai bayan sati biyu Tumba ta zo, ba ta kawo daddawa ba. Ta ce an sauke ɗiyarki daga shugabancin mata. Surukinta ya daina amsa gaisuwarta, mijinta yana tsakiya kamar an ɗaure shi. Matan unguwa in sun gan ta sai su ce ga uwar sifiri. Duk wannan, in ji Tumba, ta shirya masa tun kafin ta ratsa filin. Abin da ba ta shirya masa ba shi ne matan nan takwas. Ashe tun da aka ji ni ne mai ƙirga ta bi su gida-gida ta ce su fito kada su ji tsoro, ba za mu ci ba amma za a rubuta mu, babana ne zai ƙirga. Da wannan maganar suka fito. Biyu daga cikinsu mazansu sun hana su zuwa gidanta yanzu.

Saƙonta gare ni gajere ne. Tumba ta faɗe shi tana kallon tabarma: "Gwaggo, ki tambayi Baba. In sauran bai san su ba, ni ma bai gan ni ba?"

Na jira in ji wani abu ya motsa a ƙirjina. Na ci abinci, na yi sallar la'asar, na saurari labarai. Kamar gwiwar nan tawa ce in na daɗe a zaune, ka san taka ce, ka taɓa ta, amma ba ka jin ta.

Ranar kasuwa na shiga mota na tafi Aliero. Na yi sallama a ƙofar gidan, surukinta ya fito, ya shimfiɗa mini darduma a zaure. Muka yi maganar zafi, da ruɓewar albasa, da wani mai ɗori da ya rasu. Aka aiko da fura daga ciki a kwanon da kika saya mata na aure, an dama ta da kauri, ba a sa sukari ba, yadda nake sha. Na shanye. Ya ce ko a kira ta mu gaisa, na ce a bar ta, tana aiki. Na dawo gida.

To, Hajo, ga ni. Ba zan iya faɗa mata ba, kuma na gaji da ɗora wa Tumba kayan da ba nata ba. Ke zan faɗa wa, a nan inda kowa ke gani, shugaban jam'iyya ma yana cikin masu karantawa, na kuma san tana da waya. Su tara ne. Ni na ƙirga su da bakina, kuma hannuna ne a ƙasan takardar da ta ce babu ko ɗaya. Ba a tilasta ni ba, ba a ba ni komai ba. Ita ce ta farko a layin. Na gan ta. Tun tana ƙarama, duk lokacin da nake kallon bangon nan, ina ganinta.

Ban sani ba ko matar can da ta ci da ta yi abin kirki. Na daina sanin irin waɗannan abubuwa. Na dai san ɗiyarki ta auna maganar fiye da yadda na taɓa auna wani abu a shekarun nan, kuma da kina nan da kun zama goma.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya gafarta miki kurakuranki. Allah ya sanyaya mata zaman gidanta, ya mayar mata da ƙawayenta, kada ya sa ta zama irina. Ni kuma ya ba ni ƙafar da zan wuce zaure kafin in same ki. Amin.

Naki har kullum,
Malam Umaru
Jega