Huta-Kafaɗa Tamu Ce, a Mayar wa Malam Tanko Kayan Aikinsa

Zuwa ga Shugaban Ofishin Rajistar Sana'o'i, Hasahisa.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Yau da asuba na buɗe wa hawashata ruwa, wato gonar audugata, sannan na zauna rubuta wannan wasiƙa. Na so jama'a su karanta ta tare da kai, domin a gabansu aka kunyata mu, a gabansu kuma ka wanke mu.

Na farko, asalin abin. Mu manoma kullum fartanya a kafaɗa ɗaya, lauje da igiya a ɗayar, ga gora a hannu. Wata damina na zana ɗamarar fata mai maɗauki a kowane gefe, da aljihu a ƙirji na ƙaramin rediyo, don mutum ya ji labarai yana noma. Malam Tanko, badukun ƙauyenmu, shi ya ɗinka. Ta farko ta tsinke, ta biyu ta goge mini haƙarƙari, ta ukun ta zauna. Inna Hajo, mai tsinkar auduga, ta ɗaura ta, ta juya wuya, ta ce, "Kai, ɗan nan! Yau dai huta, kafaɗa." Sunan ya bi ɗamarar har kasuwannin Sinja da Dinder.

Na biyu, abin da ya same mu. Bara wani attajiri ya yi rajistar ɗamarar a ofishinka da sunansa. Ma'aikatanka suka zo ranar kasuwa, suka hana Malam Tanko ɗinki, suka kwashe basillarsa da wuƙaƙe da fatun da ya jeme. Ni kaina sai da na yi ta tuhumar raina, ko na taɓa ganin irinta a wani wuri na manta. Ina yawan yin haka. Na bi tunanina daki-daki, ban samu ba.

Na uku, ranar sauraron ƙarar da muka kai. Kai da kanka ka tambayi attajirin ma'anar sunan da ya buga a hatiminsa, Hutakafada. Ya gyara rawani ya ce sunan wani injiniyan Italiya ne. Ranka ya daɗe, ka ji yadda farfajiyarka ta ɗauki dariya. Inna Hajo ta miƙe ta dafa kafaɗarta, ta fassara maka kalmomin biyu da Larabci tunda ba ka jin harshenmu, ta ƙara da cewa ta gode wa Allah da ya nuna mata ranar da ta zama 'yar Italiya. Ka soke rajistar nan take. Mutumin ya kwashi fata da ɗinki, bai san harshenmu ma ya kwaso ba, don bai taɓa zaton maganar 'yan hawasha za ta iya zama suna a kan kaya ba.

Mun yi nasara, ba ni da shakka a kan wannan. Sai dai har yau kayan Malam Tanko suna kulle a ma'ajinka. Ana ce masa magatakarda ya tafi, ko mabuɗi ba ya nan. Da basillar aro yake ɗinki, ga tsinkar auduga ta matso, ga mutane na jiran ɗamara.

Roƙona biyu ne. A buɗe ma'ajin a ba shi kayansa. A kuma rubuta a takardar sokewar cewa kowane baduku yana da izinin ɗinka ta. Ba na neman a rubuta sunana.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya kare iyalinka. Wassalam.

Ni ne, Isa Garba, manomin hawasha.

Aikin gobe:
Toshe ɓarakar kunyar gona ta gabas.
Aro jakin Inna Hajo, nawa yana ɗingishi.
Ɗauko Malam Tanko da buhu biyu na zuba kayansa.
Zama a ƙofar ma'ajinka har a samo mabuɗi.