Kwamfutar nan ba inda za ta

Baban yara,

Na wuce asibiti, yau aikin safe gare ni, shi ya sa ban tashe ka ba.

Na ga ka cusa kwamfutar a jaka har da caja, wai sai wurin mai gyara. Na fito da ita. Lafiyarta ƙalau! Wannan 800 da ka yi ta nuna mini jiya, saurin ƙwaƙwalwarta ne in tana zaune ba aiki. Da gangan take rage gudu don kada ta yi zafi ta shanye batir. Ka buɗe mata aiki mai nauyi ka ga yadda lambar za ta haura.

Manhajojin awon gudu biyun da ka sauke suka ba ka lamba daban-daban kuwa, ɗaya tana faɗin gudunta na yanzu, ɗayar abin da aka rubuta a kwali kawai take maimaita maka. Ba wanda ya cuce ka.

Ashe har kashe mata tsarin tanadin wuta ka yi! Fankar cikinta ta yini tana ihu, batir ya mutu ina tsakiyar rahoton da zan miƙa gobe. Na mayar da shi yadda yake.

Don girman Allah kada ka kai ta ko'ina. Mutumin nan goge komai zai yi, har rahotona.

Kai ma in ka dawo ka miƙe a kujera ko yatsa ba ka ɗagawa, kuma ban taɓa kai ka gyara ba.

Maman yara