Rigunan da Inna Ta Ɗinka wa Sola

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara, Ya kuma saka miki da alheri a kan tsayuwar da kike yi wa marasa lafiya a asibitinku. Mu nan lafiya lau muke, sai godiya. Inna tana cin abinci, suganta ya daidaita, gwiwa ce kawai take taɓa ta, dalilin haka kuma yana tafe a ƙasa. Matar yayanki ta koma koyarwa, yara sun koma makarantar kwana, saboda haka da rana gidan ba kowa sai Inna.

Kafin komai, kada ki karɓi ƙarin aikin da kika ce za ki karɓa saboda mu, kada kuma ki sayar da awarwaronki. Saƙon da na aiko miki cewa wataƙila sai mun ƙara batir, ki ɗauka ban aiko ba. Na zaɓi in yi miki bayani a rubuce, domin kin san ni, a waya nakan fara daga tsakiya in manta farko.

Kin tambaye ni gaskiyar abin da aikin solar nan ya ci. Mai kallo daga titi zai zaci farantan da ke sheƙi a sama su ne tsadar, alhali ba su ba ne. Batir shi kaɗai ya haɗiye kusan rabin kuɗin. Sai inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar ta zama irin wadda firij zai iya sha, sannan farantan. Bayan su akwai ƙananan abubuwan da ba a ambata a talla: wayoyi masu kauri, ƙarafan da ake ɗora farantan a kai, abin kariya daga tsawa, kuɗin mota da ladan ma'aikata. Waɗannan ne suka cinye babur ɗina bayan abin da kika aiko ya ƙare. Ban yi nadama ba. Duk sanda na tsaya jiran motar haya, sai in tuna ranar da aka daɗe da ɗauke wuta, allurar ciwon sugan Inna ta lalace a firij ba mu sani ba, muka ɗauki Inna ranga-ranga zuwa asibiti.

Kamfanin ya haɗo mu da wata 'yar ƙasida, wadda na karanta har gefenta ya yi laushi. Ranar da aka gama kafa farantan a saman bene, inda ake shanya, na tara mutanen gida na karanta musu sashen kulawa: kada ƙura ta taru, kada kashin tsuntsu ya bushe a kai, kada a jingina komai, kada a watsa ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi domin yana iya tsagewa. Inna ta tambayi kuɗin, na gaya mata ya fi abin da marigayi Baba ya kashe wajen ɗora benen gaba ɗaya. Ta riƙe baki.

Ba a jima ba matsala ta kunno kai. Da safe sai in tarar batir ya sauka ƙasa, firij ya yi shiru, cikinsa ya fara gumi. Sai in kwashi allurar a ɓoye in kai wa mai kemis na bakin titi ya ajiye mini a nasa, da yamma in karɓo. Ni da matar yayanki muka haɗa baki kada Inna ta ji, don kada hankalinta ya tashi sugan ya hau. Mai haɗa solar ya zo ba sau ɗaya ba, kullum bayan na tashi daga ofis, saboda ban yarda a taɓa komai ba na nan ba. Ya gwada wayoyi, ya hau ya duba farantai, ya same su fes kamar an lashe, bai ga aibi ba. Abin da ya fi ɗaure mana kai, a ranakun da ba na zuwa aiki wutar ba ta taɓa gazawa ba. Matar yayanki ta ce ko solar ma ta gane halina, sai ta ga idona take aiki. Na yi dariya don kada in ɓata mata wasa, amma a raina lissafi nake yi na gumin da kika zubar a ƙasar mutane, da yadda zan dube ki in ce an cuce mu. A ƙarshe mutumin ya ce bai ga mafita ba sai ƙarin batir, shi ne na aiko miki wancan saƙo.

Sai na koma ga ƙasidar, na ga inda ta ce da rana tsaka ne farantai suke ba da mafi yawan wuta, kuma a lokacin ya dace a duba lambar da ke fuskar inbata. Na nemi izini a ofis, na dawo gida rana na tsakar ka. Lambar tana kwance, kamar da magariba. Na kira Inna, shiru. Na ga takalmanta a gindin matakala.

Auta, da na hau, na yi zaton na shiga gidan wasu. Kowane faranti yana sanye da rigarsa. An yanka daidai girmansa, an kalmashe baki da ɗinkin hannu, an sa igiya a kowace kusurwa. Na gane yadin nan take: zannuwan gadon nan masu furanni da kika kawo mata, waɗanda ta hana kowa kwanciya a kai. Inna kuwa tana durƙushe a ƙarshen layi, zufa na ɗiga daga haɓarta, tana gyara wata igiya da iska ta kwance. Ashe kullum muna fita sai ta dafa bango ta hau da wannan gwiwa tata ta rufe su, rana na yin sanyi ta sake hawa ta cire, ta ninke ta ɓoye a ƙarƙashin gado don kada in yi faɗan hawan bene. Ranar da nake gida kuwa, tana ganin na hau da tsumma sai ta bar mini amanarsu.

Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, abin da ya cinye babur ɗinka da gumin ƙanwarka shi zan bari rana ta toya? Tunda nake ban taɓa ganin an bar abu mai tsada a rana ba."

Kin san gidanmu. Rediyon Baba da rigarsa, keken ɗinki da rigarsa, talabijin da tasa, mu kanmu ba ma fita da rana sai an ɗora mana wani abu a ka. Na tsuguna kusa da ita, duk bayanin ƙasidar ya gudu daga kaina, abin da na iya cewa kawai shi ne, "Inna, ranar ce abincinsa."

Muka kwance igiyoyin tare. Na riƙo hannunta muka sauko, na tsayar da ita gaban inbata. Lambar nan da na saba gani a kwance ta tashi tana hawa a kan idonmu, ba ƙara, ba hayaƙi, ba warin mai. Can sai firij ya yi ajiyar zuciya ya kama gurnani. A nan ne na gaya mata labarin mai kemis, ta yi salati, ta ce ashe ita tana ɓoye mini, ni ina ɓoye mata, maganin yana yawo a titi. Na haddace yadda ƙasidar ta bayyana cewa haske ne ke motsa wasu ƙananan abubuwa a cikin gilashin, amma wallahi sanin bai rage mini mamaki ba. Ranar nan tana sauka a kan rufinmu tun Baba bai ɗora bene ba, ba ta taɓa fashi ba, ba ta taɓa aiko takardar biya ba, mu kuwa ba abin da muke yi mata sai ƙorafi. Mai haɗa solar da ya ji labari ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, ya ce ya kafa wa gidaje da yawa, amma bai taɓa ganin wadda aka yi wa tela ba.

Kashegari ba aiki. Inna ta zuba ruwa a ƙaramin kofi ta sa a ɗakin sama na firij. Da rana ta take ta fito da shi ya daskare, ta ce in raka ta bene sau ɗaya tak, daga nan ta daina. Ta tsaya a gaban farantan, ta juye ƙanƙarar a tafinta, ta ɗaga ido ta runtse, ta sake duban hannunta. A hankali ta ce, "Ikon Allah. Wai mai zafin nan ce ta haifi wannan." Ba ta motsa ba har ƙanƙarar ta narke, ruwan yana bin hannunta zuwa gwiwar hannu. Ni ma ban ce mu sauka ba.

Tun daga wannan rana, allurar ba ta sake barin gida ba. Na sa kwaɗo a ƙofar matakala, makullin yana aljihuna, gwiwar kuma ana shafa mata magani.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, da babbar ɗiyarki, da ƙanenta mai ƙiriniya. Matar yayanki tana gaishe ki, Kawu da Gwaggo ma haka. Inna tana sa miki albarka. A cikin ƙunshin da zai zo da wannan takarda akwai ɗaya daga cikin rigunan. Ta ce ki rufe talabijin ɗinki da ita, tunda shi dai ba ta ji an ce yana cin rana ba.

Allah Ya tsare, Ya sada mu da alheri.

Ni ne yayanki mai ƙaunarki,
Babban Yaya