Ba Wanda Ya Koro Ni

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna? Baba yana fita mayanka har yanzu da ƙafar nan tasa? Ki shafa min kan yara.

Na ga saƙonki. Wai Inna ta ga hotona ta yi kuka, ta ce na rame kamar tsinke, da kika ce mata gudu nake yi kullum kuma sai ta ce, "Wa ya koro shi?" Don Allah ki kwantar mata da hankali, ba wanda ya koro ni. Likita ne ya ga jinina ya hau, ya ce in bar nama in riƙa motsa jiki. Yanzu wake, alayyafo da gyaɗa ne abincina. Wannan kam kada Baba ya ji. Ɗan mahauci guda yana cin ganye kamar akuya, da wane ido zai dubi abokan sana'arsa?

Kullum da sassafe, kafin in tafi aikin guga a otal, nakan yi kilomita goma sha biyar a bakin kogi. Lafiyata ƙalau, ɗakina ne dai ya cika shiru.

Abin da ban gaya wa kowa ba, hanyar bakin kogin nan gida ta fuskanta, na duba a taswira. Zuwan ba ya ba ni wuya, Yaya, ko haki ba na yi. Sai na kai gadar da zan juyo ƙafata take yin nauyi.

Allah ya haɗa fuskokinmu.

Ƙaninki